Admin, Amana Ce a Hannunka



Yau maganata a kan wani muƙami ce wanda ba a zaɓen mai shi, ba a rantsar da shi, ba a biyansa ko sisin kwabo, amma dubban mutane a ƙasar Hausa suna yawo da shi a aljihu. Ina nufin admin na guruf ɗin WhatsApp. Guruf ɗin dangi, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan unguwa, na kwamitin masallaci, na 'yan kasuwar layi ɗaya, na matan da ke zubin adashe tare. Galibi wanda ya fara tunanin tara lambobin jama'a shi ne ke wayar gari admin. Babu wanda ya tambaye shi ko yana da haƙurin rabon faɗa, shi ma bai tambayi kansa ba.

A da guruf ba ya wuce mutum 256. A 2022 kamfanin ya ɗaga adadin zuwa 512, kafin shekarar ta ƙare ya kai shi 1,024. Akwai ƙauyukan da jama'arsu ba su kai haka ba, amma suna da mai unguwa da limami da dattawan da ake kai wa ƙara. Ga kuma abin da da yawanmu ba su lura da shi ba: tun watan Afrilun 2016 WhatsApp ya kulle saƙonni ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya karantawa. Kamfanin da kansa ba ya ganin abin da ake faɗa a cikin guruf. Ashe ke nan idan wuta ta tashi, babu wani ma'aikaci a Amurka da zai taso ya kashe ta. Daga Allah sai admin da sauran masu hankalin da ke ciki.

Mu ɗauki guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, irin wanda kusan kowa yake ciki. An buɗe shi don zumunci: wa aka yi wa haihuwa, wa aka yi wa rasuwa, wa ke kwance a asibiti a haɗa masa gudummawa. Ƙarfe sha ɗaya na dare wani ya turo bidiyo na minti biyu da aka yanko daga karatun wani malami na awa guda, a ƙasa an rubuta “a yaɗa saboda Allah”. Ba a jima ba wani ya amsa: “Wannan ai ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne.” Almajirin malamin ya ɗauki waya ya yi saƙon murya mai tsawo, kana jin numfashinsa yana sama-sama. Na uku ya shigo da kalma huɗu: “Dama ku haka kuke.” Daga nan an bar malami an bar bidiyo, an koma “ku” da “mu”. Wani ya jefo sitikar dariya, wanda aka yi wa ya ji ta kamar mari. Wajen ƙarfe ɗaya aka fara ambaton iyaye. Da asuba admin ya kunna data ya tarar da saƙonni rututu, mutum huɗu sun fice, cikinsu har da wanda ya fi kowa hannun kyauta idan an tashi tara kuɗin mara lafiya.

Inda ya kamata a tare abin shi ne wurin nan na “dama ku haka kuke”. Kafin wannan jimla, gardama ake yi a kan magana, kuma gardama a kan magana ba aibi ba ce. Bayanta, an koma shari'ar mutane da jinsinsu da aƙidarsu da garinsu. Admin da ya iya gane wannan gaɓa ya iya rabin aikinsa.

A majalisar ƙofar gida ma ana gardama, wani lokaci har jijiyar wuya ta tashi. Amma can ana ganin fuska. Idan idon mutum ya kaɗa ya yi ja, abokin gardamarsa zai gani ya sassauta. Akwai dattijo a bakin tabarma wanda gyaran muryarsa kaɗai ta isa. Ladan kuma yana kiran isha'i majalisa ta tashi, masu musun su tsaya sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa, kafin a sallame zuciya ta huce. Guruf ba ya tashi. Ba a ganin idon kowa. Abin da aka faɗa a majalisa iska ke kwashewa, na guruf kuwa yana nan daram, a ɗauki hotonsa a kai wa wanda bai san mafarin zancen ba, shi kuma ya fusata a kan wutsiyar magana.

Kada wani ya ɗauka iyakar abin ɓacin rai ne da ficewa daga guruf. Ranar Alhamis 12 ga Mayun 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, aka kashe ɗaliba Deborah Samuel aka ƙona gawarta, bisa zargin ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mafarin abin saƙon murya ne a guruf ɗin 'yan aji, kuma rahotanni sun nuna saɓanin ya taso ne a kan abin da ya dace a riƙa turowa a guruf ɗin da aka buɗe don karatu. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, gwamnati ta rufe kwalejin, bayan kwana biyu aka sa dokar hana fita a birnin. Babu Musulmin da zai ji an taɓa Manzo zuciyarsa ba ta ƙuna ba, kuma babu shari'ar da ta miƙa hukunci a hannun taron jama'a. Ba na ɗora alhakin jinin nan a wuyan wani admin. Alhaki na kan waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu. Abin da nake so mu riƙe shi ne, tazarar da ke tsakanin allon waya da titi gajera ce ƙwarai.

A Filato an ga irin haka ta wata fuskar. Bayan hare-haren yankin Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi a watan Yunin 2018, hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook, ana cewa ga abin da aka yi. Binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a ƙarshen shekarar ya gano wasu hotunan ba na rikicin ba ne, wani bidiyon ma ba daga Najeriya yake ba, an ɗauko shi ne daga Kongo. Amma kafin gaskiya ta fito, an tare hanya an kashe matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Binciken ya kuma nuna cewa a lokacin mutum huɗu kacal ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci ga abokan hulɗar Facebook a Najeriya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. A Indiya, ranar 1 ga Yulin 2018, mutanen ƙauyen Rainpada a jihar Maharashtra suka kashe baƙi biyar saboda jita-jitar satar yara da ta yaɗu ta WhatsApp. Irin waɗannan ne suka sa kamfanin ya fara sa alamar “an turo” a kan saƙo, ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a duniya baki ɗaya a Janairun 2019, sannan a Afrilun 2020 ya mayar da saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya a lokaci guda. Iyakar abin da injin zai iya ke nan. Ba zai iya sanin cewa “dama ku haka kuke” ashana ce ba.

To yaya admin zai yi?

Akwai wanda ke ganin mafita ita ce ya kafa doka: ba siyasa, ba addini. Na fahimci dalilinsa, kuma a guruf ɗin aji ko na ofis ko na adashe ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, domin an taru ne don abu guda, kowa ya san inda zai samu wa'azi da inda zai samu kamfen. Amma a guruf ɗin unguwa ko na dangi wannan doka ba ta daɗewa. Ta yaya za ka hana mutanen Kano maganar masarauta, alhali an sauke Sarki Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga Maris 2020, an mayar da shi a Mayun 2024, kuma cikin gida ɗaya ana samun mai wannan ra'ayi da mai wancan? Ta yaya za ka hana zancen tsadar mai, ko ganin wata, ko wanda za a zaɓa kansila? Rayuwar mutane ce. Idan ka hana su faɗa a gabanka, za su buɗe ƙaramin guruf a bayan idonka, 'yan ra'ayi ɗaya zalla, inda babu mai ce musu “a'a, ba haka ba ne”. A can ne ƙiyayya ke ƙiba. Ni a ganina guruf ɗin da ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa, ko Musulmi da Kirista, ko mai jar hula da wanda ba ya sa ta, suke iya musu su kwana lafiya, dukiya ce da ya kamata a yi tattalinta, ba a rufe mata baki ba.

Akwai kuma admin ɗin da ke ganin komai ya yi gum, wai ba ya son ɓata wa kowa. Shiru ma magana ce. Masu zagi suna karanta shirunsa a matsayin izini, masu mutunci kuma su tattara nasu su fice ɗaya bayan ɗaya ba tare da sallama ba, har a wayi gari guruf ya zama na mutum biyar masu ƙarfin baki.

Amma wanda ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan sharhi, shi ne admin mai ido ɗaya. Idan ɗan ɓangarensa ya yi zagi, sai ya ce “raha ce, a yi haƙuri”. Idan ɗan wancan ɓangaren ya rama da rabin abin da aka faɗa masa, sai ga doka ta fito, sai ga gogewa, sai ga kora. Jama'a, mutane suna iya jure doka mai tsanani. Abin da ba sa jurewa shi ne doka mai zaɓe. Ranar da 'yan guruf suka gane cewa hukunci yana bin ra'ayin admin, daga ranar ba shi da sauran ikon kashe wata wuta, domin shi kansa ya zama ɗaya daga cikin masu faɗan, sai dai shi yana riƙe da makullin ƙofa. Duk saƙon da ya goge bayan nan, ko da ya cancanci gogewa, za a ce zalunci ne. Wanda ya kora zai fita da hoton allo a hannu yana nuna wa duniya, kuma za a yarda da shi.

Saboda haka gwajin admin ba ya zuwa ranar da abokin hamayyarsa ya yi laifi. Wannan mai sauƙi ne, zuciya ma tana so. Yana zuwa ne ranar da amininsa, wanda suke masallaci ɗaya, jam'iyya ɗaya, ya turo hoton ƙarya da ke goyon bayan abin da su biyun suka yarda da shi. Idan ya goge wannan, ya rubuta a fili cewa “wannan hoton tsoho ne, ba na jiya ba ne, na cire shi”, to ya sayi amincewar da za ta yi masa aiki shekaru. Wanda ba ra'ayinsu ɗaya ba zai gani, ba zai ce komai ba, amma zai ajiye a ransa. Gobe idan aka ce masa ya sassauta, zai sassauta.

Kuma ba sai an je nesa neman dokokin da za a kafa ba. Duk wanda ya yi karatun Suratul Hujurat ya san aya ta 6 tana umarni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta 11 tana hana izgili da jifa da munanan laƙubba, ta 12 tana hana mummunan zato da bin diddigi da gulma. Maƙwabcinmu Kirista ma ba zai ƙi ko ɗaya daga ciki ba, don littafinsa ya hana shaidar zur. A rubuta su gajeru a bayanin guruf tun ana zaman lafiya, tun ran gini tun ran zane. Dokar da aka ƙirƙiro a tsakiyar faɗa, ko mai kyau ce, wanda ta faɗa wa zai ce don shi aka yi ta.

Sai matsalar da ta fi kowace wuya a wurinmu, wato idan mai laifin babba ne. A guruf ɗin dangi admin yawanci yaro ne, don shi ya iya waya. Mai turo jita-jitar kuwa baffansa ne, ko yayar mahaifiyarsa, ko malamin da ya koya masa alif. Ba zai yiwu ya rubuta masa gargaɗi a gaban 'ya'yansa da surukansa ba, kuma bai kamata ba. Nan ne kiran waya ke aikin da rubutu ba ya yi. Ka kira, ka gaisa har ƙasa, ka tambayi jiki da iyali. Sannan ka ce: “Baffa, Allah ya ƙara girma, bidiyon nan da aka turo maka, na duba na ga ashe na shekarun baya ne, kuma ba a ƙasar nan aka ɗauka ba. Na ji tsoron kada yara su ɗauka su yaɗa da sunanka. Ko in cire shi?” Da wuya dattijo ya ce a'a. Sau da yawa ma cewa zai yi, “Ai ni ma turo mini aka yi, cire shi, Allah ya yi maka albarka.” Ka kashe ƙaryar, ka bar masa girmansa. Da ka ƙaryata shi a bainar jama'a, da sai ya kare bidiyon har ƙarshe, ba don ya yarda da shi ba, sai don kada a ce yaro ya kayar da shi.

Kamfanin ya ba admin kayan aiki, sai dai a san lokacin ɗaukar kowanne. Tun 2018 ana iya saita guruf ya zama admin kaɗai ke aika saƙo. Wannan na daren da abu ya ƙazance ne: a rufe, a faɗi dalili, a faɗi lokacin buɗewa, “mun rufe zuwa bayan sallar azahar gobe, kowa ya huce”, kuma a cika alkawari. Wanda ya rufe guruf wata guda ba tare da bayani ba ya mayar da shi allon sanarwa. Tun 2022 admin na iya goge saƙon wani ga kowa da kowa, kuma ana ganin sunan wanda ya goge, don haka gara ya faɗi dalili da bakinsa kafin a faɗa masa. Tun 2023 kuma yana iya tantance mai son shiga ta hanyar link kafin ya shigo. Wannan na ƙarshen ina roƙon a riƙe shi da kyau, musamman inda akwai mata. 'Yan'uwanmu mata da yawa sun daina magana a guruf, wasu sun fice, saboda da zarar mace ta faɗi ra'ayinta sai wani ya kwashi lambarta ya bi ta ta bayan fage da maganganun banza. Admin da aka kawo wa irin wannan ƙara ya ce “ai ba a cikin guruf aka yi ba” ya ci amana, domin a guruf ɗinsa aka samu lambar.

Akwai kuma maganar da ta fi ƙarfin guruf baki ɗaya. Lokacin da batun Abduljabbar Nasiru Kabara ya yi zafi a Kano, muƙabalar da aka yi tsakaninsa da wasu malamai ranar 10 ga Yulin 2021 sai da aka naɗa mata alƙali, Farfesa Salisu Shehu, aka tsara wa kowa lokacinsa, aka zo da littattafai. Malamai ke nan, ido da ido, da rana tsaka. To ina ga mutum ɗari uku a cikin duhu, kowa da guntun bidiyonsa? Idan zance ya kai ga kafirta mutum, ko zargin ɓatanci, ko kiran a fito a ɗauki mataki, ko sa hoton wani da unguwarsu ana cewa ga ɓarawo ga mai ba 'yan bindiga bayani, admin ba alƙali ba ne. Ya goge nan take, ya rufe, ya kira masu abin ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ga alamar rai na cikin haɗari, ya sanar da mai unguwa da hukuma a daren, kada ya jira gari ya waye.

Wanda duk wannan bai motsa shi ba, to ya san akwai doka. A Najeriya sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi hukunci ga mai aika saƙon da ya san ƙarya ne don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. A Nijar, ranar 10 ga Yunin 2020 aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a Yamai ƙarƙashin irin wannan doka ta 2019, kan ƙarar ɓata suna da ta samo asali daga abin da wani daban ya rubuta a ƙarƙashin saƙonta na Facebook game da badaƙalar sayen makamai. Kotu ta sallame ta ranar 28 ga Yuli, amma bayan ta shafe kusan mako bakwai a kurkuku. A Indiya manyan kotunan Bombay a 2021 da Kerala a 2022 sun yanke cewa ba a kama admin da laifin abin da wani ya turo, sai in an nuna da haɗin bakinsa. Hukunci ne mai ma'ana, kuma ina fatan alƙalanmu su bi wannan hanya. Sai dai hukuncin Indiya ba zai hana a gayyaci mutum caji ofis a Gusau ko Maraɗi ba.

Kora ita ce ta ƙarshe, bayan an yi nasiha a asirce, an yi gargaɗi a fili, mutum ya ƙi ji. Ko a nan ma a kira shi a faɗa masa kafin ya gani a allo, a kuma bar masa ƙofar dawowa idan ya nemi afuwa, don gobe za ku haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure.

Shawarar da zan ba duk wanda ke riƙe da guruf mai jama'a da yawa ita ce kada ya riƙe shi shi kaɗai. Ya nemi mutum biyu ko uku su zama admin tare da shi, kuma da gangan ya zaɓo wanda ba ra'ayinsu ɗaya ba: idan shi ɗan wannan jam'iyya ne ya ɗauko na waccan, idan akwai mata a guruf a sa mace, idan akwai Kirista a sa Kirista. A samu wanda ba ya barci da wuri, ma'aikacin jinya mai aikin dare ko ɗan'uwa mazaunin wata ƙasa, tunda rigimar ba ta cika tashi da hantsi ba. Su yi yarjejeniya tsakaninsu cewa ranar da ɗayansu ya shiga gardama da kansa, ba shi zai goge saƙon abokin gardamarsa ba, sauran ne za su duba su yanke.